Mama, Surukinta da Kwamfutar Ɗakin Tarihi

Kirrimpa

Yaya Marlene,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Wasiƙa na rubuto don a waya ba kya bari in ƙarasa magana. Direban motar asibiti zai kawo miki.

Kwamfutar da ofishinku ya aiko wa ɗakin tarihinmu tana nan, mun gode. Amma cikin matasan da kuka kai Alice Springs horo, biyu sun tafi aikin ma'adinai, ɗaya ta bi miji. Kin san wanda ya rage? Mijina Desmond. Kin kuma san wadda kaɗai ta san fuskokin da ke cikin tsofaffin hotunan zamanin mishan? Mama. Yaya, ko kin daɗe a birni har kin manta suruki da suruka ba sa zama ɗaki ɗaya, ba sa magana, ko haɗa ido ba sa yi?

Hotunan ƙanana ne kamar kwalin ashana, kuma suga ya taɓa idon Mama. Ba ta gane kowa sai an girmama fuskar a kwamfuta. Ga yadda muke yi: Desmond ya buɗe hoto, ya girmama fuska ɗaya, ya fita ta ƙofar baya yana tari don a san ya fita. Ni in shigo da Mama ta gaba. Kafin ta zauna ta gyara zani, kwamfutar ta yi baƙi tana neman lambar sirri. In fitar da Mama, in ƙwala wa Desmond kira. Jiya tun safe har azahar, sunan mutum huɗu kawai muka samu.

Mama ta ce, "Wannan akwatin naku ya fi jaririn goye son barci."

Likita ya ce idon ba zai kai baɗi ba. Ki aiko mana mace wadda ta iya, don Allah. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Lorna

Alice Springs

Zuwa ga Lorna,

Bayan gaisuwa, na samu wasiƙarki, kuma ban manta da komai ba. Ni ma ciki ɗaya muka fito.

Na kai buƙatarku gaban shugabanmu. Malamar horo ɗaya ce tal, kuma ƙananan ɗakunan tarihi irin naku sun yi mata yawa. Ba za ta iso yankinku ba sai bayan ruwan sama, in hanya ta buɗe. Kafin nan akwai darasi ta bidiyo duk ranar Talata, an yi shi ne musamman don irinku.

Shawarata a matsayin ma'aikaciya, ke ki koya. Shawarata a matsayin yayarki, ki daina gudun abin nan kamar maciji ne. Malami yana kwana a gidanki, yana cin tuwonki. Ki zauna ya nuna miki, sai ki zauna da Mama ku biyu, shi kuma ya huta da tarin ƙarya.

Ki tabbata Mama tana shan maganinta.

Taki,
Marlene Nungarrayi

Kirrimpa

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake.

Darasinku na Talata na shiga. Malamar ta ce "barka da", sai fuskarta ta daskare baki buɗe, haka ta tsaya har shayina ya huce. Ku da kuke birni kuna ganin kowa na da sabis irin naku.

Desmond kuwa, ki bar shi. Wadda ba ta taɓa koyon abu a hannun mijinta ba, ba ta san baƙin ciki ba. "Danna nan. Ba nan ba, Lorna! Sau biyu! A'a, da sauri!" Na danna wani abu, aikinsa na mako guda ya ɓace ɗungurungum. Ya ɗauki hularsa ya fita. Da ya zage ni ma ya fi mini sauƙi. Na rantse ba zan sake taɓa ta ba.

Muka koma shiga da fita, ina rubuta sunaye a takarda. A nan na rikita hotuna biyu, sunan mahaifin Goggo Thelma ya hau kan fuskar mutumin da suka yi shekaru suna rigimar ƙasa da shi. Jikarta ta gani a shafinmu na intanet. Goggo ta zo har ƙofa da sandarta.

"Wa ya sayar da ubana ga waɗancan? Ke, Lorna, fito!"

Mama ta ji kunyar da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce mini, "Ni na faɗa daidai. Tsakanin bakina da akwatin nan ne magana ke lalacewa. Ba zan koma ba sai ranar da mai danna abin zai zauna kusa da ni, in ji da kunnena abin da ya sa." Tun ranar tana gindin bishiya tana gasa wutsiyar kangaru, ba ta ko kallon ɗakin. Hotunan da aka sa wa suna ba su kai rabin rabi ba.

Kada ki sake rubuto mini "a matsayin ma'aikaciya".

Lorna

Alice Springs

Ƙanwata,

Na ji, na kuma ci laifina. Mun horar da masu ƙafar tafiya, muka bar masu zama. Na faɗa musu haka a taro, sun rubuta, kin san sauran.

Amma ki karya rantsuwar nan. Ke ce kika koyi tuƙi a tsohuwar motar Baba mai giya uku, kika kuma ture tankin ruwa ba ki daina ba. Abin da ya ɓace a kwamfuta yawanci yana dawowa, ki tambayi Desmond, ina jin ya dawo da shi tun ranar, girman kai ne ya hana shi faɗa miki. Ki ce ya zauna a kan hannuwansa, baki kawai zai yi amfani da shi.

Na nemi hutu in zo, sun ce sai ƙarshen shekara. Ki rungume mini Mama.

Yayarki,
Marlene

Kirrimpa

Yaya,

Ina gaisuwa. Na iya. Ya ɗauke ni har ruwa ya sauka, mun yi faɗa ya fi a ƙirga, amma yanzu ina buɗewa, ina girmamawa, ina sa suna, ina adanawa, ni kaɗai.

Yau na tura Desmond kamun kifi, na riƙo hannun Mama na zaunar da ita kusa da ni. Na buɗe hoton matan nan da ke tsaye a bakin tsohuwar rijiya, na girmama fuskar ta farko har ta cika gilashin gaba ɗaya. Mama ta matso, ta ɗora tafinta a kai. Ina jira da yatsuna a kan haruffa.

Sai ta ce, "To, 'yata, kunna mana."

A kunne take, Yaya, idon ne ya tafi. Ki zo gida, kada ki jira ƙarshen shekara.

Lorna