Mama na kashe mana rauta, aikina na neman suɓucewa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, wallahi na gaji. Ki sakaya sunana, ba na son a ji wai na kai ƙarar mahaifiyata jarida.

Daga gida nake aiki. Masu sayen kayan wani kamfani ne ke kira da koke-kokensu, ni kuma ina amsawa ta kwamfuta, saboda haka intanet ɗin gidanmu shi ne ofishina. Rautar, wato ɗan akwatin da ke raba mana waifai, tana falo, kusa da kujerar Mama, domin nan mai haɗa mana intanet ya shigo da waya. Ɗakina kuwa shi ne na ƙurya, ko da lafiya lau ma da ƙyar sabis ke isowa.

Tun bayan rasuwar Baba, Mama ta ɗora wa akwatin nan karan tsana. Ta ce 'yan fitilunsa na tsone mata ido, sai ta lulluɓe shi da ƙyallen da take rufe talabijin. Ya yi zafi ya riƙa ɗaukewa. Na cire ƙyallen, ta mayar da shi cikin kabad ɗin ƙarfe, bayan tukwane. Na fito da shi. Yanzu ta daina wahalar da kanta, zare shi kawai take yi daga soket, wai iskarsa ce ke sa mata ciwon kai.

Anti, ina tsaka da lallashin mutumin da ransa ya ɓaci sai in ji ɗif. In fito a fusace, ƙanina ya fito riƙe da wayarsa, autarmu ma ta fito tana ƙunƙuni, mu cika falo muna jiran akwati ya farfaɗo. Ita ko a jikinta. Sai ma ta hau tambayar ko mun ci abinci, ta tura auta ɗora shayi, ta ɗauko labarin wata ƙawarta da ba mu taɓa gani ba. Ni ina duban agogo, ita tana zuba sukari.

Shugabata ta ja mini kunne a rubuce, ta ce in kira ya sake yankewa a hannuna za su nemi wani. Da aikin nan nake riƙe da gidan, har maganin Mama. Na gwada haɗawa da datar waya, muryata ta riƙa sarƙewa. Na yi bayani, na yi roƙo, ranar nan har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta juya fuska bango. Kwana na yi ina kuka. Ƙanina ya ce mu ɗaure soket ɗin da salatif, yayata da ke aure ta ce in bar gidan in kama ɗaki. Ni ba na son ko ɗaya. Na gaji da akwatin, na gaji da faɗa, na gaji da zama mara kunya a gidanmu. Yaya zan yi?

Daga 'yarki da ta rasa mafita.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da ƙoƙari. Ba rashin kunya ke damunki ba, gajiya ce, kuma tsoronki na kan hanya. Bari mu fara da akwatin, shi ne mai sauƙin.

Rauta aiki biyu take yi. Tana karɓar intanet daga wayar da ta shigo gida, sannan ta raba shi ta hanya biyu: ta iska, wato waifai, da kuma ta waya. Juya bayanta, za ki ga ramuka a jere. Ki sayi wayar netwok mai tsawo, ki soka kai ɗaya a ramin, ki bi da ita gefen bango har kwamfutarki. Bango da ƙarfe da firij duk suna cinye waifai, amma ba ruwansu da abin da ke tafe cikin waya. Mai aiki da murya irinki tun farko bai kamata ya dogara da iska ba.

Na biyu, ki kira mai haɗawar ya ɗauke akwatin daga gefen Mama, ya kafa shi a bangon baranda, a sarari inda hannu zai kai, ya ba shi soket ɗinsa. Fitilun kuma ɗan salatif baƙi ya ishe su. Wannan ne salatif ɗin da na yarda da shi, ba na ƙaninki ba. Gidanta ne, ba a ɗaure wa uwa soket a falonta.

Ciwon kan kada ki yi masa dariya. Ban san wata hujja da ta nuna waifai na kawo shi ba, amma hawan jini da ido da rashin barci suna kawowa. Ki kai ta a duba.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki a nutse. Ke da kanki kika rubuta abin da ke faruwa idan ta zare wayar: ƙofofi uku su buɗe, 'ya'yanta su cika falo, ita kuma ta sa a ɗora shayi. Mai ciwon kai ba ta neman hira. Ba na cewa da gangan take yi, wataƙila ita ma ba ta lura ba. Amma matar da ta rasa abokin zamanta, tana wuni tana kallon rufaffun ƙofofi, ta gano abu guda da ke fito mata da ku.

Saboda haka kada ki ƙwace mata shi gaba ɗaya. Rautoci da yawa suna da maɓallin da ke kashe waifai kaɗai, intanet ɗin waya ya ci gaba da aiki. In taku ba ta da shi, mai haɗawar zai nuna miki yadda ake yi. Ki zaunar da Mama, ki fara da ba ta haƙuri kan muryar da kika ɗaga, ki gaya mata a fili cewa aikinki na kan siraɗi, domin ina zargin ba ta san abin ya kai haka ba. Sannan ki nuna mata maɓallin, ki ce wannan nata ne, soket kuwa a bar shi. Ƙannenki za su yi ƙorafi, ba zai kashe su ba.

Sai dai ki san abu ɗaya. Daga ranar da kika ja wayar nan, ke kaɗai ce maɓallin Mama ba zai iya kira ba. Za ta danna, kowa ya fito, ƙofarki ta zauna a rufe. Don haka duk lokacin hutun aiki, ki cire abin amsa kira daga kunnenki, ki fito da ƙafarki ki zauna kusa da ita, tun ba ta miƙa hannu ba.

Allah ya tsare miki aikinki, ya jiƙan mahaifinku, ya ba Mama lafiya da tsawon kwana.