Wayar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Manassas, Virginia

Baba,

Assalamu alaikum. Ya jikin naka? Ya Umma da su Khalil? Ni lafiya lau nake, sai dai sati biyu ke nan ina gida. An dakatar da ni daga aiki.

Wani gidan kula da tsofaffi muke ja wa wayar sadarwa a Laurel. Oga ya kawo mai araha wadda ba ta cika ƙa'ida ba, in ta kama wuta hayaƙinta guba ne. Ya ce in shimfiɗa ta a silin, in sa hannu cewa ta cika ƙa'ida. Na ƙi.

Kai ka ba ni labarin wahalarku a ma'aikatar tarho, lokacin da wayar magana daban, ta talabijin daban, ta kwamfuta daban, kowane kamfani da irin tasa, kafin a tsayar da ƙa'ida. Jerin launin wayoyin da ka koya mini a tsakar gida, shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, shi nake bi har yau.

Kada Umma ta ji tukuna, ka dai sa ni a addu'a. Kawu Maitama ya bugo wai in je in ba Oga haƙuri. Ka gaya masa ba inda za ni. Mutum arba'in ke kwana ƙarƙashin silin ɗin nan, rabinsu ba sa iya tashi da kansu.

'Yarka,
Rumasa'u