Haɗin Humrar Kaka

Yaya Bilki,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Ranar Talata Hajiyar da nake wa aikin turare a unguwar Diguel ta kawo lauya ya koya mana dokar sirrin sana'a. Ina can a zuci ina hango shagon da nake burin buɗewa, mai koren labule, irin na littattafan da nake karantawa, sai na ji ya ce wadda ta sa hannu a takardar yarjejeniyar da aka raba mana, in ta bar aiki sai ta shekara biyu kafin ta buɗe nata. Haɗin da ta rubuta wa shago kuma ya zama na shago. Ni kuwa saura kaɗan in rubuta wa Hajiya haɗin humrar Kaka.

Maigidana na gaishe ku. Ki gaida Inna, ku sa ni a addu'a. Takardar dai na mayar wa Hajiya, ban sa hannu ba.

Ƙanwarki,
Zulai