Abin da na jefa cikin masai

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Kada ku yanke mini hukunci sai kun ji ƙarshe. Ni tsohuwa ce a nan Tawa, ban taɓa shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, wani mai rubutu a bakin gidan waya na sa ya rubuta mini, kuma na rantsar da shi.

Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, yana aiki a wani proje mai raba hatsi. Su ke zagaya ƙauyuka suna auna yara da rumbuna, shi kuma ya zuba lissafin cikin na'urar nan mai gilashi da suke cewa ordinatar. Ran nan na kai masa fura buro, wurin aikinsu, ya ce, "Inna, zo ki ga aikina." Sai ga tuddai a gilashi, kore da ja, suna juyawa kamar ana juya ƙwarya. Ya ce kowane tudu ƙauye ne, wanda ya fi tsawo ya fi yunwa. Wani ja mai tsini ya fi duka, ya ce na wajen Affala ne. Ina tsaye ya yi ta juya abin sannu sannu, har jan nan ya ɓuya bayan wani faffaɗa na wajen Kalfu. Nan ya tsaya. Ya danna, ya ce ya ɗauki hoto, ya adana cikin ɗan faifai baƙi da suke cewa disket, za a kai wa manyansu na Yamai masu yanke inda hatsi zai tafi.

Na ce, "Ina jan ya tafi?" Ya yi dariya. "Yana nan, Inna, ta wannan gefen ne ba a ganinsa." Na ce to su na Yamai ta wane gefe za su gani? Ya ce hoto ba ya juyawa. Na ce ƙauyen wa ke gaba? Ai na sani, garin shef ɗinsu ne, shugaban projen, mai neman kujerar depite a majalisa.

Wallahi ni na goye shi shekarar yunwa ina tafasa ganye, shi ne yau zai ɓoye yunwar 'ya'yan mutane da yatsa ɗaya? Na ɗauki ƙwaryata na fito. Washegari na tarar da faifan a aljihun rigar da ya ajiye don wanki. Ban tsaya tunani ba, na jefa shi cikin masai. Na ce can ya dace da shi.

Jahilcina kenan. Ashe tuddan suna nan cikin ordinatar. Ya sake juyawa, ya sake ɗauka, hoton ƙarya ya tafi Yamai lafiya lau. Amma shef ya tada hankali, wai an sace faifan an kai wa 'yan adawa. Ɗana kuwa, don ya tsira, ya ce sakatariyar buronsu ya ba. Wata baiwar Allah ce Kirista daga kudu, mijinta ya rasu, ita kaɗai ke riƙe da yaranta. An dakatar da ita, an ce ƙarshen wata za a kore ta.

Jiya na haɗu da ita a kasuwa. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ki sa ni a addu'a, ni ban taɓa faifan nan ba." Na ce Allah Ya fitar da ke. Da wannan bakin nawa! Na dawo gida na kasa cin tuwo, shi kuwa ya cinye nasa har ya nemi ƙari.

In na yi magana, dole a ji dalili, ɗana ya rasa aiki a wannan zamani da albashi ke wata da watanni bai zo ba, kuma shi ke ciyar da gidan nan. In na yi shiru, marayun wata za su kwana da yunwa saboda hannuna. Ina ƙyamarsa, ina ƙyamar kaina, kuma wata ya kusa ƙarewa.

Me zan yi?