Jan Zakaran Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan. Mu ma lafiya lau, ƙaramar 'yata har ta fara tafiya.

Saƙonka ya iso, wai in koma in taimaka wa Auta da kajin Baba. Wallahi ka ba ni mamaki. Kai ne fa ka ce a karɓi mabuɗin akurki daga hannuna a ba shi, wai shi ne namiji. Shekara goma sha ɗaya ina shara da ban ruwa a gefen Baba, shi kuwa ko ƙofar wurin ba ya bi saboda wari. Na miƙa masa mabuɗi, na roƙe shi abu ɗaya tak, ya bar jan zakaran nan. Baba ya sha nuna mini, idan ja ya hau fararen kaji, 'yan tsaki mata sai su fito ja-ja kamar ubansu, maza kuma farare kamar uwa. Tun ranar ƙyanƙyasa ka san mai ƙwai, ka san na yanka. Shi ya sa matan unguwa suka yarda da gidanmu, ba a taɓa ba su zakara da sunan kaza ba.

Auta ya ce camfin tsofaffi ne. Abokansa suka zo ya yanka musu jan zakaran, ya kawo wani farin ƙato mai cin tsiya. To ga shi nan, tsaki arba'in duk farare fat. Ya bai wa mutane a kan mata ne, bayan wata huɗu rabinsu suka kama cara. Jiya matar tela ta tare ni a hanya, ta ce ashe haka gidan marigayi ya koma. Baba ta ambata fa, Yaya, ba Auta ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ba zan koma ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Ka gai da matarka da yaran, Gwaggo da Kawu ma suna gaishe ku. Inna ce kawai ba ta san an yanka jan zakaran ba, tunda idonta ya dushe. Duk safiya in farin ya yi cara sai ta tambaya me ya sami muryar zakaran Malam. Na gaji da yi mata ƙarya. Kai ne ka yanke hukuncin ba Auta mabuɗi, sai ka kira ta ka gaya mata da bakinka.

Ƙanwarka.