Kar ki jefar da wayar Baba

Umma,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya? Ni lafiya lau, sai dai zaman shagon gyaran waya yana ɗan taɓa min baya, amma da sauƙi.

Kin ce wayar marigayi Baba tana nuna gargaɗi in kin shiga intanet. Tsufa ta yi, Umma, an daina aiko mata da sabon tsaro, ɓarayi na iya kutsawa cikinta. Na aiko miki da sabuwa. Ki kashe datar tsohuwar, amma kar ki jefar. Saƙonnin muryarsa ba sa buƙatar intanet. In na kira, ki kunna min wanda yake min faɗa don ba na cin abinci.

Allah ya ƙara lafiya.

Autarki