Goyon Cikin Ɗiyata

Ƙanwata Hadiza,

"Riƙo kawai zan yi, Yaya, goyon ciki a ɗakinki za ta yi shi." Bakinki ne ya faɗa, ranar da na ba ki ɗiyata. Duk da haka ina gaisuwa. Yaya Yamai, yaya maigida da yara, yaya ɗiyata mai juna biyu?

Saƙonki ya iso: wai ba za ta zo Dogon Dutsi ba, don warin daddawata yana sa ta amai. Wannan ai tun cikin yana wata biyu ne! Ni ma na yi karatun lakwal, na karanta littafin ungozoma. Abin da ke tashi a jinin mai ciki ya kawo laulayi yana sauka bayan wata uku, waɗansu su hau, ci ya buɗe. Yanzu tana wata bakwai, an ce har ƙarin tuwo take nema, kuma ke take kira Inna.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. In Azumi ya kama ba ta iso ba, zan hau mota da tukunyar wankan jego, in hura wuta a tsakar gidanki, ba ni tashi sai an yi arba'in.

Yayarki,
Mariyama